Tarkwa, Busua ko Dakar: ina ya kamata ɗan Arewa ya fara shiga teku?

Tun bayan babbar sallah wani ƙanen abokina yake damuna da tambaya guda. Ya ga bidiyon yaran Legas tsaye a kan allo, igiyar ruwa tana gudu da su kamar doki, abin ya shiga ransa. Ya tara 'yan kuɗin hutu, yanzu so yake a faɗa masa inda zai nufa: Legas, Ghana ko Sanagal. Na tambaye shi ko ya iya ruwa. Ya ce, "Haba Yaya, ni da na tashi ina wanka a dam ɗin Tiga?" Na ce masa to madalla, amma ruwan Tiga bai taɓa ɗaga shi sama ya maka da ƙasa ba, bai kuma taɓa kama masa ƙafa ya ja shi ciki ba.

Wuraren da ya lissafa ba su da laifi. Tarkwa Bay a Legas, Busua a yammacin Ghana, da gaɓar Dakar suna cikin inda wasan hawan igiyar ruwa ya fi kafuwa a Afirka ta Yamma, kuma mai fasfon Najeriya ba ya bukatar biza zuwa ko ɗaya. Ba yau aka fara ba. Wani fim na Amurkawa da ya fito a 1966, wanda ya yayata wasan a duniya, ya nuna ana hawa a Sanagal da Ghana da Najeriya. Sai dai ukun ba su yi kama da juna ba, kuma wanda ya zaɓa saboda hoton da ya gani a Instagram yana iya kashe kuɗinsa ya dawo gida bai miƙe a kan allo ko sau ɗaya ba.

Kafin maganar wuri akwai maganar wata. Igiyar da ake hawa ba iskar bakin gaɓa ke haifar da ita ba. Guguwa ake yi can tsakiyar teku, dubban kilomita daga tudu, ruwan ya taso ya yi tafiyar kwanaki kafin ya iso ya karye a gabanka. Legas da Ghana kudu suke kallo, don haka abin da ke zuwar musu daga kudancin Atlantika yake fitowa, inda ake sanyi da guguwa a lokacin da mu muke damina. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwansu yake da ƙarfi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yakan kwanta, igiyar ta ƙanƙance, iskar hunturu da ke busowa daga tudu da safe ta gyara mata fuska ta yi sumul. Gwanaye kan yi ƙorafin cewa lokacin babu abin hawa. Ɗan koyo kuwa abin da yake nema ke nan, kuma ya yi daidai da hutun ƙarshen shekara da yawancinmu ke samu.

Dakar nata lissafin daban. Birnin yana kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, can ne ƙarshen nahiyar Afirka ta wajen yamma. Ruwa ya kewaye shi ta fuska uku, saboda haka yana karɓar igiyar arewa daga kusan Nuwamba zuwa Maris, ya karɓi ta kudu da damina. Da wuya a wayi gari babu ɓangaren da ke aiki. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne sanyi. Akwai ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga wajen tsibiran Kanari, a Fabrairu da Maris ma'aunin zafin ruwan kan sauka kusa da digiri 20, wani lokaci ƙasa da haka. Wanda ya saba wanka da ruwan zafi da hunturu a Zariya ba zai yi rabin awa a ciki ba sai da rigar roba ta masu iyo. A Legas da Busua kuwa gajeren wando da riga sun isa duk shekara.

Tarkwa: gwaji na yini ɗaya

Tarkwa ba Allah-ya-yi ba ce gaba ɗaya, hannun mutum ya shiga. Wajen 1908 Turawan mulkin mallaka suka fara jibge duwatsu suna gina dogayen katangu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, don kada yashi ya toshe hanya. A wannan gaɓar ruwa yana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da katangun suka tare shi, sai ya taru a yamma, gabas kuma ta rasa. Dalilin da ya sa teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru ke nan, har aka cike wurin aka ɗora sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. A lungun da ke tsakanin katangun aka samu Tarkwa, ɗan ƙaramin bakin ruwa mai kariya.

Mota ba ta zuwa. Jirgin ruwa ake shiga daga wajen gadar Falomo ko CMS ko Victoria Island, tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin, kana ratsa gefen manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa, waɗanda in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Ranar da na fara zuwa, mai jirgin ya loda mu goma sha wani abu alhali rigunan ceto ba su kai ba, ya ce wai tafiyar ba nisa. Wata baiwar Allah mai goyo ta ce ita ba za ta motsa ba sai an kawo mata tata. Aka yi ta cacar baki, daga baya yaronsa ya ruga ya aro. Ita ta fi mu hankali. Kada ka zauna a jirgin da babu riga ga kowa, ko da kuɗinka ya riga ya shiga aljihun mai shi.

Igiyar Tarkwa tana da wani hali nata. Takan zo ta bugi katangar duwatsu ta dawo a karkace, ta haɗu da wadda ke biyo bayanta, su biyun su dunƙule su yi tsini. In ka zauna a yashi kana kallo za ka ga yara 'yan shekara goma suna jiran daidai wannan tsinin, su faɗa cikinsa, cikin daƙiƙa biyar ko shida an gama. Gajeriya ce, mai sauri. Can ciki kusa da gaɓa kuwa kumfa ce kawai ke isowa, ƙasan yashi ne, a nan ake koya wa baƙi. Bayan katangar yamma akwai Lighthouse Beach, wadda ta samo suna daga tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke wurin. Doguwa ce, ba kowa, ga kyau a ido, amma teku ce buɗaɗɗiya mai duka da ƙarfi. Baƙo ya je ya ɗauki hoto ya dawo.

Aibin Tarkwa a fili yake. Duk abin da Legas ta zubar a kwata yana bi ta wannan mashiga, don haka bayan ruwan sama za ka yi iyo da leda da robar lemo. Asabar da Lahadi cinkoso, kiɗa ta ko'ina, masu hayar kujera da rumfa kowa na kiranka. Kuma wurin yana ɗauke da tabo: a Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna tsibirin, dubban mutane, bisa zargin fasa bututun mai da ke bi ta yankin. Cikin waɗanda aka rushe wa gidaje har da iyalan yaran da ke hawan igiyar. An ci gaba da zuwa wasa, amma in ka yi hira da mai koya maka za ka ji labarin daga bakinsa.

Ga mai son haɗa wasan da ziyarar wurin da aka killace don halittu, Tarkwa ba ta da komai. Sai ka tsallako ka nufi Lekki Conservation Centre, gandun hekta 78 da aka kafa a 1990, mai gadar igiya ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401, da birai masu ƙwace abinci a hannu. Yara suna sonsa ƙwarai. Amma daji ne da fadama a tsakiyar gine-gine, ba bakin teku ba. Sauran gaɓar Legas kuwa kullum raguwa take yi: a 2024 ma aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba ya ci wani sanannen wurin shaƙatawa a Oniru.

Duk da haka ban raina Tarkwa ba, don tana da abin da sauran biyun ba su da shi. Da naira za ka biya, ba iyaka za ka tsallaka ba, kuma kusan kowane Bahaushe yana da wanda zai sauka a wurinsa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende. Mutane da yawa suna son teku ne a waya. In suka sha ruwan gishiri sau uku, ya fito ta hanci, yashi ya cika kunne, sai sha'awar ta tafi. Gara mutum ya gano haka da kuɗin jirgin Falomo.

Busua: inda ake koyo da gaske

Daga birnin Takoradi na Ghana ka yi yamma kimanin kilomita talatin, ka sauka daga babban titi a Agona Nkwanta, ka gangara ta cikin gonakin roba da kwakwar manja. Ƙauyen masunta ne na ƙabilar Ahanta, ba shi da girma. Gaɓar ta lanƙwasa kamar baka, yashi ne tun daga bakin ruwa har inda ƙafa ke daina taɓa ƙasa, kuma zurfin a hankali yake ƙaruwa. Ga wani ɗan tsibiri mai suna Abokwa a gaba, da 'yan bishiyoyin kwakwa a kansa. Wannan shimfiɗar ƙasan ita ce sirrin wurin. Igiya ba ta faɗowa gaba ɗaya kamar bango, takan karye can nesa ta yi ta turo kumfa mai tsawo, ɗan koyo ya sami lokacin da zai tattara gaɓoɓinsa ya miƙe.

Darasin farko a yashi ake yinsa, kuma akwai ban kunya. Za a kwantar da kai rubda ciki a kan allo mai laushi, dogo kamar ƙyauren ɗaki, a ce ka yi ta tuƙi da hannu a busasshiyar ƙasa, sannan ka dafa ka yi tsalle ka tsaya ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Yaran gari suna gefe suna kallon babban mutum mai gemu yana iyo a tudu. Bayan nan a ɗaura maka igiyar allon a idon sawu, ku shiga ruwa iya ƙugu, malamin ya riƙe wutsiyar allon, in kumfa ta taho ya tura ka ya daka maka tsawa. Sau goma na farko faɗuwa ce. Wanda ya dage yakan miƙe a rana ta farko ko ta biyu, amma kafin ya iya tuƙa kansa ya wuce inda igiya ke karyewa ya zaɓi tasa, sai ya yi mako. Shi ya sa nake cewa wurin koyo dole ya zama inda za ka kwana kusa da ruwa, ka shiga da asuba bayan sallah kafin iska ta tashi, ka huta da rana, ka koma da la'asar. A Busua ɗakinka da ruwan tafiyar minti biyu ne. A Legas kowace shiga sai ka biya da cunkoson mota da kuɗin jirgi.

'Yan garin ne ke riƙe da yawancin makarantun hawan, kuma har ƙungiyar 'yan mata ake da ita, abin da a da iyaye ba sa yarda da shi saboda tsoron teku. Wanda hannunsa ya faɗa akwai wurare masu duwatsu a kusa da zai gwada, ciki har da wanda suke kira Black Mamba, sunan ma ya isa gargaɗi.

Abin da ya sa Busua ta fi zama mini a rai shi ne ranar da ba ka shiga ruwa ba ma ba ta tafi a banza. Ka taka yamma, ƙasa da rabin awa, ka isa Dixcove, inda ganuwar Metal Cross da Ingilishi suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 take kallon kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala. Ka bi yashi gabas ka isa Butre, ka hau tudu zuwa kangon ganuwar Batenstein ta mutanen Holan, ta 1656. Duka biyun suna cikin ganuwoyin gaɓar Ghana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979, kuma duka sun ga cinikin bayi. Gaba da Dixcove ta yamma akwai Cape Three Points, ƙarshen Ghana ta kudu, da hasumiyar fitilarta ta 1925, da gandun dajin da aka killace, ɗaya daga cikin 'yan kurmin da suka rage dab da teku a ƙasar. Gonakin roba da masu haƙar zinariya ta bayan fage suna matsa masa. A gaɓar Akwidaa da kewaye kunkurun teku kan fito da dare su haƙa rami su yi ƙwai, galibi daga ƙarshen damina zuwa cikin rani, kuma akwai masu sintiri da ke raka baƙi kallo ba tare da haska fitila a idonsu ba. Mai kwana biyu na rara ya ƙarasa Nzulezo, ƙauyen da aka kafa a kan turaku a tsakiyar tafki, ana shiga da kwale-kwale ta cikin fadamar Amansuri.

In ka ga ranar Talata kwale-kwale duk suna tudu, masunta na ɗinkin koma a inuwa, ba yajin aiki ba ne. A yawancin gaɓar Ghana al'ada ta hana fita kamun kifi ran Talata.

Matsalolin Busua uku ne a ganina. Na farko hanya: daga Legas ta mota iyaka uku za ka tsallaka, Seme da Hilakonji da Aflao, ka isa Akara a gajiye, sannan ka ƙara fiye da kilomita 200 zuwa Takoradi, ko ka hau ƙaramin jirgin sama. Na biyu ruwan sama: yammacin Ghana ya fi ko'ina a ƙasar samun ruwa, Mayu da Yuni sai ka kwana uku ba ka ga rana ba. Tun wajen 2011 kuma akwai wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa da kan taru a gaɓa wasu watanni, in ta ruɓe wari ya hana zama. Na uku, gari ne na Kiristoci da 'yan yawon buɗe ido, ana shan giya a bakin ruwa, a watan Maris ma akan yi bikin kiɗa na kwanaki. Kifi da ƙaguwa da jatan lande ba matsala, amma nama sai ka tambaya. Juma'a ka shiga Takoradi ko Sekondi, akwai zango, za ka ji Hausa, ka sha koko da ƙosai, ka ci wake da shinkafar da suke kira waakye, sunan ma namu ne.

Dakar: mai yawa, mai tsada, mai ƙaya

A Dakar cikin tafiyar minti ashirin a tasi za ka wuce wuraren hawa sun fi goma. Mafi shahara shi ne na tsibirin Ngor, wanda kwale-kwale ke kai mutum cikin 'yan mintoci. Sai Wakam, inda igiya ke naɗewa kamar tabarma a gaban wani masallaci mai hasumiya biyu da ke ƙasan dutse dab da ruwa, masunta na jan jiragensu a gefe. Ban san wani wurin hawa da ladan ke kiran sallah a kan mutum haka ba. A 2019 aka yi wata gasar ƙwararru ta ƙasa da ƙasa a birnin, kuma cikin Lebu, masuntan asalin wurin, aka sami Khadjou Sambe, mace ta farko a ƙasar da ta mai da wasan sana'a.

Sai dai yawancin waɗannan wurare a kan duwatsu suke karyewa, baƙaƙen duwatsun tsohon aman wuta, kuma cikin ramukansu akwai wata halitta mai kamar bushiya. In ka taka ta, ƙayoyin sukan karye a cikin tafin ƙafa. Na taɓa ganin wani Bature zaune a kan benci a Ngor, ƙafarsa a cinyar wani saurayi, ana tsince masa su ɗaya-ɗaya da allura kamar mai cire ƙayar ƙarangiya, sun fi ashirin, yana cije leɓe. Ɗan koyo, wanda aikinsa faɗuwa ne, ba shi da abin yi a nan. Nasa wurin Yof ne ko Viraj, masu yashi, a gaɓar arewa. Ana koyo a can lafiya, amma ruwan ya fi na Busua ja, kuma da hunturu iskar arewa kan hargitsa shi. Gaba da Yof, wajen Gejawaye da Malika, hukuma ta hana wanka a wurare da dama, duk da haka kusan kowace shekara sai an rasa matasa.

To me ya sa har yanzu nake sa Dakar a gaba ga wasu? Saboda iyali, da kuma wuraren da aka killace. Ƙasa ce ta Musulmi, nama ba sai ka yi tambaya ba, masallaci a kowace kusurwa. Mace ta shiga ruwa da doguwar rigar iyo da ɗankwali ba wanda zai juyo ya kalle ta. A tsohuwar unguwar Yof, cibiyar ɗarikar Layen, inda hubbaren Seydina Limamu Laye yake a kan yashi, ba a sayar da giya, kuma ana son baƙo ya suturta jikinsa. Da dare ka nemi dibi na Hausawa, gasasshen naman da 'yan uwanmu na Nijar suka yi suna da shi a birnin.

Ta wajen halittu kuma ba a haɗa Sanagal da sauran biyun. Tsibiran Madelen, kilomita kaɗan daga gaɓa, gandun ƙasa ne tun 1976, cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Daga Sumbejun ake shiga kwale-kwale. Ba mai kwana a can, Lebu suna ɗaukarsa gidan aljanin da ke tsaron Dakar. Akwai kukoki da iska ta hana su tsayi suka bazu a ƙasa kamar kabewa, da wani farin tsuntsun teku mai jan baki da doguwar jela da ke sheƙa a duwatsun, da wani ɗan tafki tsakanin duwatsu da ake wanka. Kimanin kilomita 70 kudu akwai Popengin, gandun da aka kafa a 1986, wanda matan ƙauyukan kewaye suka farfaɗo da shi da dashen itatuwa. Kusa da shi bakin kogin Somon, ruwa kwance da yara za su yi wasa, tsuntsaye ko'ina. Can ƙasa kuma gandun Salum mai ɗaruruwan tsibirai, wanda UNESCO ta karɓa a 2011. Wanda ya kai Salum ya kai Kaulaha. Ga ɗan Tijjaniyya wannan kaɗai ya yanke hukunci: ziyarar Madina Baye da ke Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass, kimanin kilomita 190 daga Dakar, sannan a kai yara teku. Tsohuwa ma in ta ji haka ba za ta ce an tafi yawon banza ba.

Kada a ruɗe da kalmar killacewa. A wasu ƙasashe ana killace gaɓa saboda igiyar kanta, kamar Malibu a Amurka a 2010 da Erisaira a Fotugal a 2011, don kada a yi ginin da zai ɓata yadda take karyewa. Babu ɗaya cikin wurarenmu uku da ke da wannan matsayi. Gandayen da na ambata na tsuntsaye ne da kunkuru da itatuwa, ana zuwa kallo, da ɗan rakiya da kuɗin shiga.

Kuɗi kuwa Dakar ta fi ci nesa ba kusa ba. Tikitin jirgi yana da tsada, sau da yawa sai an biya ta Lome ko Abijan, filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a 2017 yana da nisan kusan kilomita hamsin daga gari, ɗaki a unguwar Almadi kuma farashin Turawa ne. Mai naira zai ji a jikinsa. Mutumin Maraɗi ko Damagaram ya fi samun sauƙi, sefa ɗaya ce, Faransancin ma ɗaya, amma tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 ya kyautu ya tabbatar da takardunsa kafin ya tashi. Ɗan Najeriya da ba ya jin Faransanci ko Wolof zai sha nuni da hannu wajen ciniki da mai tasi. Ko'ina za ka cikin ƙasashen nan, katin rigakafin shawara ya kasance a cikin fasfo.

Akwai wasu wuraren da ban sa a awo ba. Robertsport a Laberiya tana da igiyar da gwanaye ke yi wa kirari, kusa da tafkin Piso, amma lokacinta tsakiyar damina ne kuma ba ta ɗan koyo ba ce. Taghazut a Maroko ta fi duk waɗannan tsari, sai dai biza da sanyi. Ɗan Garwa ko Ngaundere da ke son iyali su ga teku ya je Kiribi a gaɓar Kamaru, inda ruwan kogin Lobe ke zubowa daga dutse kai tsaye cikin teku. Wurin hutu ne, ba na allo ba.

Abu ɗaya ya shafi ukun duka, kuma shi ya fi kashe irinmu. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko dam idonsa ya saba neman inda ruwa ya lafa. A teku wannan dabarar takan kai mutum ga halaka. In ka tsaya a gaɓa ka ga igiya na karyewa dama da hagu, a tsakiya kuma akwai wata hanya mai duhu, shiru, ba kumfa, to nan ne ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa ciki da gudu. Yana iya fin gwanin iyo sauri. In ya ɗauke ka kada ka yi kokawa da shi kana neman tudu kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ka kwanta a kan ruwan, ka ɗaga hannu, ka yi iyo a gicciye har ka fita daga hanyarsa, faɗinsa ba shi da yawa. Iya ruwa fid da kai, in ji masu magana, kuma a yawancin gaɓar nan babu ma'aikacin ceto da ke zaune yana jiranka. Kafin ka jiƙa ƙafa ka tambayi masunci ko yaran da ke hawa ina ne ake shiga yau, don wurin yakan sauya da cikar ruwa da janyewarsa.

Ga yadda na raba masa. In kwana biyu gare ka, ko ba ka tabbatar abin zai dame ka ba bayan ka ɗanɗana, Tarkwa, ranar aiki da safe, ba Lahadi ba. In da gaske kake son ka dawo ka iya, kuma kai kaɗai ne ko da abokai, Busua, mako guda cur, tsakanin Nuwamba da Maris. In da mata da yara da tsohuwa za a tafi, ko ka riga ka iya kana neman igiya mai kyau, kuma aljihu zai ɗauka, Dakar, a Oktoba ko farkon Nuwamba kafin ruwan ya yi sanyi.

Shi dai gwauro ne, hutunsa a Disamba yake, kuɗin nasa kuma ba su kai na Dakar ba ko an matse su. Na ce ya biya ta Legas ya kwana biyu a Agege wurin kawunsa, ya je Tarkwa ranar Talata ya sha ruwan gishirinsa. In ya fito yana dariya ya sayi tikitin motar Akara. Kafin nan na haɗa shi da wani wurin ninkaya a Kano, sau uku a mako, har sai ya iya yin mita ɗari biyu bai taɓa bango ba. Makon jiya ya kira ni ya ce ya kai tamanin.